Abin da Ya Rage a Bakin Saje

Sikha, watan Saun, ana tsakiyar ruwa

Zuwa ga autana Bhuwan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da sa albarka daga uwarka, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Bombay, yaya aikin otal? Yaya gwiwar a wannan damina? Na san ba za ka faɗa mini gaskiya ba, amma dai na tambaya. Yayarka Mithu da mijinta da yaran duk lafiya suke a Beni. Ɓaunar da muke kiwo ta haihu, mace, mai farin goshi. Mun gama dashen tamba a gonar ƙasa, ta sama kuwa ciyawa ta cinye ta, kuma dalilin haka ne ya sa na ɗauki biro.

Auta, babanka ya faɗi.

Da safe ne ya hau gonar sama don ya gyara katangar dutsen da ruwa ya rusa. Na kai masa shayi, na tarar da shi kwance cikin taɓo, bakinsa ya karkace, idonsa biyu yana kallona. Kofur Gopi, abokinsa tun suna soja, shi ya tara maza, suka saka shi a kwandon goyo suka sauka da shi Beni. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a cikin kai. Hannun dama da ƙafar dama sun shanye. Yanzu mun dawo da shi gida, don likitan ya ce abin da ya rage ba na asibiti ba ne.

Yana gane kowa, yana kuma jin duk abin da aka ce. Maganar ce ta tafi. Yarenmu da ya sha a nono ya tafi, Nepali ya tafi, ko "uwar Mithu" da yake kirana da shi babu. Abu ɗaya ya rage a bakinsa, kuma tun kafin in rubuta ka san ko mene ne. Kalmomin Turancin nan nasa guda uku da ya kwaso a sojan Ingila: "Jas a nok." Wai ɗan bugu ne kawai, ba wani abu ba.

In na tambaye shi ko gishiri ya ji a miya, jas a nok. In yana so a juya shi, jas a nok. Shekaranjiya akuyar maƙwabta ta shiga cikin kabewata, ya ɗaga hannun hagu yana nuna ta yana ihu, "Jas a nok! Jas a nok!" har akuyar ta razana ta fice. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya dariyar ta koma wani abu, na shige garken ɓauna don kada ya gani.

Kofur Gopi yana zuwa kullum da yamma ya zauna kusa da shi. Jiya na ji yana ce masa, "Saje Dhanbir, tun muna daji nake roƙonka ka rage surutu. Ashe da za ka rage, sai ka zaɓi mafi munin abin da ke bakinka ka bar mana? Ina laifin waƙa ɗaya?" Babanka ya jefe shi da takalmi da hannun hagu, kuma bai kuskure ba.

Na san abin da kalmomin nan suka yi maka. Ban manta ranar nan a asibitin Pokhara ba, da likita ya ce gwiwarka ba za ta ƙara gudu ba, shiga soja kuma ta wuce ka har abada. Kana kuka ka kamo hannun babanka, shi kuwa ya dubi bango ya ce maka jas a nok, ya fita. Tun daga ranar ba ka sake yi masa magana ba, takardunka ma sunana kaɗai ke kansu. Ban taɓa matsa maka ba, amma yau zan matsa.

Bikin Dashain yana tafe. Ka zo gida babanka ya sa maka tika, jar shinkafar nan ta biki, a goshi da hannunsa, ya yi maka albarka. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce irin wannan ciwo yana dawowa, in ya dawo kuma ba ya barin komai. Ka roƙi masu otal su ba ka hutu. In sun ƙi, ai ba su ne suka haife ka ba.

Ka gaida yaran garinmu da kuke ɗaki ɗaya. Ka riƙa shafa man mustad a gwiwar, da ɗuminsa.

Uwarka mai kewarka,
Ujeli Pun

Sikha, ƙarshen watan Bhadau

Zuwa ga Bhuwan,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma muna nan yadda ka sani. Ruwa ya fara ja da baya, masara ta yi, birai sun riga mu sani.

Takardarka ta iso tare da bargon. Bargo mai kyau ne, yana lulluɓe da shi yanzu haka. Amma ni ba bargo na roƙa ba. Ka cika shafi da tambayar ɓauna da yaran Mithu, ka ce aiki ya yi yawa, za ka duba. Sannan a can ƙasa, da manyan baƙaƙen Turanci, ka ce in faɗa masa jas a nok. Na sha karatun matan soja a barikin Hong Kong, Auta, ba na jin Turanci amma na san ɗan da na haifa. Ramawa ka yi. Ka jira duk shekarun nan har ya kwanta ba ya iya mayar maka, sannan ka rama. Na ji kunya, na kuma ji haushinka yadda ban taɓa ji ba.

Ba wanke shi nake yi ba. Mutum ne mai taurin kai, na fi ka sani. Shi ya ɗora maka kwandon duwatsu tun wuyanka bai yi ƙwari ba, ya tsaya a gindin tudu da agogonsa na soja yana auna gudunka, don ka ci gwajin shiga soja. Shi ya ce ka sake hawa a safiyar da aka yi ruwa, ina tsaye ina ce masa dutse yana da santsi, har ka zame gwiwar ta lalace. Duk wannan gaskiya ne. Amma kai ka riƙe abin da ya ce a asibiti, ka manta wanda ya kai ka can. Maza sun zo za su yi karɓa-karɓa wajen ɗaukarka, ya hana. Shi kaɗai ya goya ka a kwando daga nan har bakin hanyar mota, igiyar kwandon da ya rataya a kai ta yanka masa goshi, tabon yana nan har yau. Kai zazzaɓi ya ɗauke ka, ba ka sani ba. Agogon kuma tun ranar ya cire shi ya jefa cikin akwatin ƙarfe, bai ƙara ɗaura shi ba.

Yanzu ka ji abin da takardarka ta yi. Ya ga ambulan a hannuna, ya gane rubutunka, ya yi ta buga gadon da hannu sai na karanta masa. Na karanta, na tsallake layin ƙasa. Sai ya miƙo hannu ya karɓe takardar. Karatu ya ɓace masa tare da magana, jaridar da Kofur ke kawowa ma juya ta kawai yake yi. Amma idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan kalmomin nan uku. Na ce a raina, shi ke nan, yaron nan ya kashe ubansa.

Auta, murmushi ya yi. Da rabin bakin da ya rage masa. Hawaye yana bin gefen hancinsa, yana nuna mini takardar, yana nuna ƙirjinsa, yana faɗar kalmomin a hankali, yadda ake lallashin jinjiri. Ya ɗauka ta'aziyya ka aiko masa. Ya ɗauka ka huce.

Da Kofur Gopi ya zo na ja shi bayan ɗaki na faɗa masa. Ya daɗe yana sosa sanƙonsa, sannan ya ce, "Matar Yaya, ke kin san inda ya samo maganar nan kuwa? A dajin Borneo ne, harsashi ya same shi a cinya, jini kamar an yanka ɓauna. Wani ɗan ƙaramin hafsa Bature, ko gemu bai fara ba, ya rungume shi ya danne ciwon, yana ta faɗa masa a kunne, jas a nok, jas a nok, har jirgi ya zo. Shi a wurinsa maganar da ake yi wa wanda ake tsoron rasawa ce. Sakaran bai taɓa gane cewa sai an haɗa da rungumar take aiki ba."

Ni ma na sha ta kafin kai. Ranar da zazzaɓi ya ɗauke yayarku Junu a bariki, tana da shekara biyu, abin da ya ce mini ke nan a bakin ƙofa. Na yi damina guda ban dube shi ba. Sai daga baya na lura ya daina shan lemo, abin da ta fi so a duniya. Har yau in an ba shi sai ya kau da kai.

Takardar taka tana cikin aljihun rigarsa, ba ya yarda a wanke rigar sai an mayar masa da ita a hannu. Ban faɗa masa abin da kake nufi ba, kuma ba zan faɗa ba. Yana jiranka. Ka zo ka mayar da ƙaryar nan gaskiya.

Uwarka,
Ujeli

Sikha, farkon bikin Dashain

Autana,

Gaisuwa da albarka. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa, ba fushi ba. In maganata ta yi zafi a waccan takarda, uwa ce ta yi ta, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Mun shuka sha'irin biki, wanda ake maƙala tsironsa a kunne ranar tika, a ɗakin duhu yadda aka saba. Babanka bai yarda wani ya shuka ba. Ni da Mithu muka ɗauke shi muka zaunar, ya watsa ƙwayar da hannun hagu, rabi a kan yashi rabi a kan ƙafata. Kowace safiya sai an kai shi ya yayyafa ruwa. Tsiron ya fito rawaya, ya yi kyau fiye da na bara. Mithu ta shafe gidan da jar ƙasa da farar ƙasa, yaran unguwa sun kafa lilon gora a filin makaranta, ihunsu har nan.

Ya sa an fito da gadonsa baranda, an juya shi yana fuskantar matakalar dutsen da ke hawowa daga kogi. Duk wanda ya ɓullo da jaka a kafaɗa sai ya ɗaga kai. Masu dawowa gida biki suna da yawa bana, wuyansa ya gaji.

Wani abu kuma da zai ba ka dariya. Atisaye yake yi. Da hannun dama ake sa tika, nasa kuwa ya mutu, shi ne yake koya wa na hagu. Ya sa na kwaɓa masa shinkafa da nono, yana ɗiba yana manna wa duk wanda ya matso. Goshina ya sha, kunnen Mithu ya sha. Kofur Gopi ya zauna a gabansa ya miƙa kai ya ce, "Ga fili nan, Saje, tun daga gira har ƙeya duk goshi ne. In ka kuskure wannan, a ƙwace maka igiyoyinka." Sai da ya yi ta yi har shinkafar ta daina zubewa.

Ba hannun kaɗai yake koya wa aiki ba. In yana zaton ba kowa kusa, ina jin shi yana kokawa da sunanka. Leɓɓansa su haɗu, iska ta fito, "Bh... bh..." sai harshen ya kuɓuce masa ya koma kan kalmomin nan. Ranar nan ya bugi bakinsa da hannu har leɓe ya fashe. Na riƙe hannun na ce, "Maigida, bari. In ya zo zai gane." Ya rame ƙwarai, tuwon tamba ba ya wucewa sai na dama shi ruwa-ruwa.

Ko ranar tika ta wuce ka a hanya, kada ka juya. Ka san ana sawa har wata ya cika. Zan ajiye maka naman akuya busasshe da miyar ganye mai tsami da kake so.

Uwarka da ke duban hanya,
Ujeli

Sikha, watan Kartik

Zuwa ga ɗana Bhuwan,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Babanka ya rasu, kwana kaɗan bayan cikar wata, da hantsi, ina ba shi ruwa a cokali. Ciwon ne ya dawo kamar yadda likita ya ce. Bai wahala ba. An sauka da shi bakin kogi inda ake jana'izar mamatanmu, ɗan ƙaninsa ya yi masa abin da ɗa ke yi wa uba. Takardarka, wadda ka ce ka karanta maganar Kofur ka kasa cin abinci, ka ce za ka zo bikin fitilu na Tihar in an sallame ku, ta iso muna cikin zaman makoki. Na karanta ta a baranda, a kan gadonsa, da ƙarfi, ko da yake ba kowa a kai.

Ka tambaya a ciki ko yana fushi da kai. Bari in faɗa maka yadda aka yi, ka yanke da kanka.

Ranar tika an yi masa aski, ya sa hularsa da rigar da takardarka ke aljihunta. Ya sa wa Mithu, da mijinta, da jikoki, da yaran dangi, ya maƙala musu tsiron sha'ir a kunne, shinkafa ko ɗaya ba ta zube ba. Da aka gama na zo ɗauke tiren, ya dafe shi. Haka ya zauna da shi a cinya har rana ta faɗi. Washegari ya sa na kwaɓa sabuwa. Haka muka yi ta yi kowace safiya, ina kwaɓawa, da yamma ina zuba wa kaji. Wata rana wani saurayi ya ɓullo a matakala yana ɗingishi, babanka ya yunƙura zai tashi har ya kusa faɗowa daga gadon. Ɗan gidan maƙeri ne, ƙaya ce ta soke shi.

Ranar cikar wata da la'asar, da ya ga inuwa ta rufe matakalar, ya nuna mini littafin da nake yagar takarda in rubuta maka. Na yago masa ɗaya. Ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya ɗebi jar shinkafar, ya ɗaga hannu daidai tsayin goshin mutumin da ya durƙusa a gabansa, ya tsaya a nan. Leɓɓansa suka haɗu. Ya yi ƙoƙari, Auta, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sunan bai fito ba. Sai ya faɗi abin da yake da shi, a hankali, ya manna shinkafar a tsakiyar takardar, ya danna da babban yatsa. Ya ɗora tsiron sha'ir a kai, ya naɗe da kansa, ya jawo ta ƙirjinsa ya riƙe da hannu ɗaya. Ya daɗe a haka kafin ya miƙo mini.

Ita ce ƙunshin da ka gani a cikin ambulan ɗin nan. Shinkafar ta bushe, sai ka ɗiga mata ruwa kaɗan. Jan da ke gefe sawun yatsansa ne, kada ka goge. Za a ce maka ba a sa tika a shekarar makoki. Wannan tun yana da rai aka sa ta, kai ne ba ka karɓa da wuri ba. Duk wanda ya yi magana ka turo mini shi.

Takardarka ta farko kuwa, mai manyan baƙaƙen Turanci, ta tafi tare da shi a aljihu. Ya mutu yana ganin ɗansa ya lallashe shi, kuma ni da Kofur kaɗai muka san sauran. Yanzu da na ga takardarka ta biyu, ina ganin ba ƙarya muka bar shi da ita ba. Ta dai riga lokacinta ne.

Ni kuwa ga ni nan. Mata suna ta zuwa gaisuwa. Jiya matar Kofur ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ya jikin naki, ya zuciyar?" Na buɗe baki in amsa mata da yarenmu, na ji in na fara ba zan iya tsayawa ba. Sai na ji bakina ya ce jas a nok. Ni da na yi rayuwata ina tsine wa kalmomin nan. Kofur yana bakin ƙofa, ya tashi ya fita ba tare da ya ɗauki sandarsa ba.

Ba na fushi da kai kuma, na gaji da fushi. Kewarka kawai nake yi, gidan ya yi mini girma. Ka zo Tihar ɗin kamar yadda ka ce, Mithu tana son ganin ƙaninta, gonar sama kuma tana jiran hannu. Na buɗe akwatin ƙarfe na ga agogon, ya daɗe da tsayawa, na ajiye maka ko za ka so. In ka iso gindin tudu gwiwar ta matsa maka, ka zauna a kan dutse ka huta, ka hawo a hankali. Babu mai auna maka lokaci yanzu.

Ubangiji ya kawo ka lafiya.

Uwarka,
Ujeli Pun